Likitar Masu Ciwon Ajali

Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayarwa, Mai kashewa, wanda ya yanka wa kowane rai kwanakinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa, da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata magana da a kan ji a bakin asibiti, wadda ta fi dutsen niƙa nauyi ga wanda aka faɗa wa ita. Likita ya kan ja babban ɗan maras lafiya ko ƙanensa gefe guda, ya ce masa, "Mun yi iyakar ƙoƙarinmu, sai ku koma da shi gida." Daga nan sai a nemi mota, a shimfiɗa tabarma a ɗaka, a zuba wa sarautar Allah ido. Maras lafiya ya kwana yana nishi, mutanen gida su kwana suna saurarensa, ba mai iya runtsawa, ba kuwa mai abin yi sai sannu. To, wannan labarin wata likita ne, Baturiyar Ingila, sunanta Cicely Saunders, wadda ta ƙi yarda da cewa aikin likita ya ƙare ran da ya gane ciwo ba shi warkuwa. Ta yi kusan shekara 50 tana likitancin waɗanda magani ya gaza a kansu, har abin da ta fara ya zama wani reshe mai zaman kansa cikin ilmin likita, a na karanta shi, a na cin jarrabawarsa.

An haife ta ran 22 ga watan Yuni 1918, a Barnet, arewa da birnin Landan. Ubanta mawadaci ne, sana'arsa dillancin gidaje da filaye. Cikin 1938 ta shiga Jami'ar Oksfod tana karatun siyasa da falsafa da tattalin arziki, ba ta daɗe ba Yaƙin Hitila ya tashi. Sai ta ga zaman aji bai kamace ta ba alhali a na ta kawo masu rauni, saboda haka cikin 1940 ta bar jami'a ta tafi koyon aikin nas a asibitin St Thomas, wanda ya ke bakin kogin Landan, daura da Majalisar Dokokin Ingila. Aikin ya kwanta mata a rai ƙwarai, amma tana da ciwon baya tun tana yarinya, ɗaukar marasa lafiya da juya su ya tayar mata da shi, har cikin 1944 likitoci suka ce tilas ta bari. Ta koma Oksfod ta ƙarasa karatunta, sa'an nan ta koyi wani aiki dabam na asibiti, watau na mai binciken halin zaman marasa lafiya, wa zai ciyar da iyalinsu, ina za su koma in an sallame su, da irin waɗannan. Cikin 1947 ta komo St Thomas da wannan aiki.

A nan ne ta gamu da wani mutum mai suna David Tasma. Bayahude ne daga birnin Warsaw ta ƙasar Polan, shekarunsa 40, yana aikin kai abinci tebur a wani gidan cin abinci na Landan, ba shi da mata, ba shi da ɗa, ba dangi kusa. Ciwon daji ya kama shi ta yadda ba dama a yi masa aiki. Da aka kwantar da shi a wani asibiti dabam sai ta riƙa zuwa gaishe shi, cikin wata biyu ta je fiye da sau 20. Abin da ya fi damun mutumin nan, ban da zafin ciwo, shi ne ganin zai fita duniya ba tare da ya bar wani abin da za a tuna shi da shi ba. Suka riƙa hira kan irin wurin da ya kamata a ce mai hali irin nasa yana kwance, wurin da ba hayaniyar babban ɗakin asibiti, inda za a kashe masa zafi, a kuma sami mai zama ya saurare shi. Ya mutu cikin watan Fabrairu 1948, ya bar mata wasiyyar Fam 500, ya ce shi zai zama taga a gidan nan da za ta gina. Sai bayan shekara 19 aka kafa tagar.

Daga nan ta riƙa zuwa da dare, bayan ta tashi daga aiki, tana taimako kyauta a wani gida da a ke kira St Luke, wanda aka kafa tun 1893 domin matalauta masu ciwon ajali. Turawa na ce wa irin wannan gida hosfis. Asalin kalmar masaukin baƙi ne da matafiya, kamar dai zango ga fatake, inda a ke sauke kaya a huta kafin a tashi. A St Luke ta lura da wani abu wanda ba ta gani ba a manyan asibitoci: matan da ke jinya a can ba su jiran maras lafiya ya yi kuka kafin su ba shi maganin zafi, loto-loto su ke ba shi, bisa agogo. Ta riƙe wannan a zuciyarta.

Ta gaya wa wani likitan fiɗa da ta ke aiki ƙarƙashinsa, Norman Barrett, cewa tana so ta koma aikin nas domin masu mutuwa. Sai ya ce mata a'a, ta je ta karanta likitanci, domin likitoci su ne masu gudu su bar mai mutuwa, kuma akwai sauran abu da yawa da ba a sani ba game da zafin ciwo, in kuwa ba ta zama likita ba, ba likitan da zai saurare ta. Shawarar nan ta yi daidai, gama a kowace sana'a mutane ba su karɓar gyara sai daga ɗan cikinsu. Cikin 1951, tana da shekara 33, ta zauna aji ɗaya da samarin da ba su daɗe da barin makaranta ba, ta soma daga tushe. Ta fito likita cikin 1957, saura kaɗan ta cika 39. Duk wanda ya taɓa ganin magidanci ya ɗauki allo ya zauna cikin ƙolawa ya san abin da wannan ke bukata na haƙuri da karya kai.

Cikin 1958 ta kama aiki a hosfis na St Joseph da ke Hackney, unguwar talakawa ce a gabashin Landan, wasu mata masu zaman ibada na Katolika, 'yan ƙasar Ailan, su ke riƙe da shi tun 1905. Shekara bakwai ta yi a can, kuma a can ne ta yi aikin da ya sa likitoci suka waiwayo. Ya kamata a tsaya a nan a yi bayani, domin wannan shi ne cibiyar al'amarin.

Babban maganin zafin ciwon daji mai tsanani shi ne mofin, wanda a ke tsamowa daga afiyuni. An san shi tun farkon ƙarni na 19, ba sabon abu ba ne. Amma likitocin wancan zamani tsoronsa su ke yi, suna cewa wanda ya saba da shi zai zama bawansa, kuma in an fara shi da wuri zai daina aiki kafin a kai ga ranar da aka fi bukatarsa. Don haka sai su rubuta cewa a ba maras lafiya in ya bukata. Ma'anar wannan a aikace ita ce sai zafi ya komo, ya yi tsanani, maras lafiya ya daure iyakar daurewarsa, sa'an nan ya yi kira, a zo ko kada a zo da wuri, a yi masa allura mai yawa domin zafin ya riga ya hau, ya faɗi kamar matacce, ya farka cikin zafi, a sake komawa. Mutum ya zama ba shi da aiki sai kallon agogo da roƙo. Tsoron komowar zafi kuwa shi kansa ƙara zafin ya ke yi, domin jiki ya kan ɗaure, barci ya ƙaurace.

Likita Saunders ta ce a juya abin. Ƙarfin mofin da aka sha ta baki ya kan ɗauki wajen awa huɗu kafin ya sake jiki, saboda haka a ba shi kowace awa huɗu, ko maras lafiya ya nema ko bai nema ba, ta yadda na gaba zai shiga kafin na baya ya fita. Mai lambu ba ya jiran ganye ya yi yaushi kafin ya yi ban ruwa, in ya jira haka kullum sai ya zuba ruwa ninki biyu, lambun kuma ba zai yi kyau ba. A fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu-sannu har a kai gwargwadon da ya kashe zafin wannan mutum, gama awon wani ba shi ne na wani ba. A ba da shi ta baki muddin mutum na iya haɗiya, a bar allura sai tilas. A kuma yi shirin abin da ya ke jawowa: taurin bayan gida ba ya rabuwa da shi, sai a haɗa da mai sassauta ciki tun ranar farko, tashin zuciya da gyangyaɗi kuwa galibi na 'yan kwanakin farko ne, su kan wuce.

Ba ta tsaya ga faɗa da baki ba. Ta rubuta bayanin marasa lafiya 1,100 ɗaya bayan ɗaya, abin da aka ba kowa, da yadda ya kwana. Ta ɗauki hotunansu ranar zuwa da bayan an daidaita musu magani, ta kuma ajiye rikoda gefen gado suna ba da labarin ciwonsu da bakinsu. Abin da ya fito fili shi ne mutanen nan ba su zama 'yan maye ba, ba su haukace ba, da yawa cikinsu sun tashi zaune suna hira da iyalansu, suna saƙa, suna karanta jarida, hankalinsu garau. Daga baya wani likita mai bincike, Robert Twycross, wanda ya zo aiki wurinta cikin 1971, ya gwada magungunan da awo na ilmi. A lokacin akwai wani haɗi da asibitocin Ingila su ke ji da shi, mai suna Brompton, wanda a ke zuba mofin ko ɗan'uwansa, da hodar koken, da barasa, da ruwan zaƙi. Bincikensa da na wasu likitoci a Kanada ya nuna tarkacen nan ba su ƙara kome ba, mofin cikin ruwa kaɗai ya wadatar. Aka bar barasar, aka huta.

A nan mai karatu Musulmi zai yi tambaya, kuma tambayar tana bisa hanya: shin ba abin maye ba ne wannan? Malaman Malikiyya sun daɗe da rarrabe wannan mas'ala. Shaihu Ƙarafi, mutumin Masar, wanda ya rasu cikin 1285, ya bambanta cikin littafinsa Furuƙu tsakanin abu mai sa maye tare da nishaɗi kamar giya, da abu mai ɓata hankali ba tare da nishaɗin giya ba, da abu mai kwantar da mutum ya gusar da jinsa da ganinsa. Giya najasa ce, kaɗan ɗinta da mai yawanta haramun ne, akwai haddi a kanta. Sauran biyun kuwa malaman da suka biyo baya sun ce ba najasa ba ne, abin da aka hana shi ne shan gwargwadon da zai taɓa hankali ba da lalura ba, har sun halatta a shayar da mutum abin da zai kwantar da shi in za a yanke masa gaɓa. Afiyuni a cikin waɗannan su ke lissafa shi, ba cikin giya ba. To, in an halatta gusar da hankali ɗungum saboda zafin wuƙa na sa'a guda, ina ga awon da likita ya auna domin ya kashe zafin wata da watanni, ya kuma bar hankali a wurinsa?

Akwai kuma masu cewa ciwo kankarar zunubi ne, saboda haka a bar bawa ya sha abinsa. Gaskiya ne cuta kaffara ce ga mumini mai haƙuri, amma wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ba hujja ba ce ga wanda ke tsaye a kansa da magani a hannu. Yunwa ma jarrabawa ce, ba a taɓa jin malamin da ya ce a hana mayunwaci tuwo don ladansa ya ƙaru ba. Har wa yau, duba abin da shari'a ta ke so ga wanda ajalinsa ya gabato. A na so ya yi wasiyya cikin sulusin dukiyarsa, ya faɗi bashin da ke kansa da wanda ya ke bi, ya mayar da amanar mutane, ya nemi gafarar wanda ya zalunta. Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wadda kowane almajirin ilmi ya sani, ta keɓe babi guda kan abin da a ke yi wa mai gargara, na fuskantar da shi alƙibla, da laƙƙana masa kalmar shahada, da tsabtace jikinsa da tufafinsa. Wanda zafi ya hana shi sanin wanda ke kansa, da wanda aka narka wa allura ya kwana biyu bai motsa ba, dukansu biyu an hana su wannan. Hanyar Likita Saunders ita ce ke barin mutum da harshensa da hankalinsa har kusa da ƙarshe. Ita Banasariya ce mai riƙo da addininta, ba don Risala ta yi ba, amma fa'idar aikinta ta faɗo daidai inda Musulmi ya fi bukata.

Rikodar nan ta koya mata wani abu kuma. Wata mace a St Joseph, da aka tambaye ta ciwonta, ta ce a baya ya fara, amma yanzu ji ta ke dukanta ba daidai ba. Ta ci gaba da cewa mijinta da ɗanta suna ƙoƙari, amma in sun zauna da ita za su rasa kuɗin aikinsu, ta ce ta ji kamar duniya duka ta juya mata baya, ba mai gane halinta. Likita Saunders ta lura cewa cikin amsa guda matar nan ta ambaci jikinta, da zuciyarta, da iyalinta da abin hannunsu, da kuma neman inda ranta zai dogara. Cikin 1964 ta rubuta wannan, ta sa masa suna zafi gaba ɗaya. Nufinta shi ne mofin ba ya maganin tunanin wa zai riƙe marayu, kuma muddin tunanin nan na nan, zafin jikin ma ba zai kwanta sosai ba. Don haka likita shi kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da nas, da mai duba halin iyali, da malamin addinin maras lafiya, kowa ya kama inda ya iya.

Game da gaya wa mutum gaskiyar ciwonsa, ba ta yarda da ƙarya ba, ba ta kuma yarda a jefa wa mutum labari kamar dutse ba. Ta ce a bar shi ya ja gaba, abin da ya tambaya a amsa masa da gaskiya, abin da bai tambaya ba kada a ɗora masa. Cikin 1960 wani maras lafiya, shi ma mutumin Polan, Antoni Michniewicz, ya tambaye ta ko mutuwa zai yi, ta ce masa i. Ya ce ko faɗin haka ya yi mata wuya, ta ce ya yi. Sai ya gode mata, ya ce ji da wuya, faɗi ma da wuya. A ƙasar Hausa an fi son ɓoyewa, a yi ta cewa da sauƙi har ran da za a ɗauki makara, kuma niyyar mai kyau ce. Amma sau nawa magada suka yi shekaru suna shari'a a gaban alƙali kan gona ko bashi, wanda da an bar mamacin ya san halinsa da ya warware shi da kalma biyu?

Tana wannan aiki tana kuma neman kuɗin gina nata gidan, tana rubuta wa attajirai da ƙungiyoyin taimako takardu ba gajiya. Cikin watan Yuli 1967 aka buɗe hosfis na St Christopher a Sydenham, kudancin Landan, da gado 54, aka sa tagar David Tasma a wajen shiga, gilashi ne fari ba ado. Gidajen masu ciwon ajali sun riga shi, akwai na birnin Lyon a Faransa tun 1842, da na Dablin tun 1879. Abin da ya bambanta wannan shi ne an haɗa jinya da koyarwa da bincike wuri guda. Ba a ƙayyade wa dangi lokacin ziyara kamar asibiti ba, yara na shiga, mutum na iya zuwa da 'yan kayansa na gida. Cikin 1969 suka fara bin marasa lafiya har gidajensu, domin yawancin mutane sun fi son su cika a ɗakinsu, daga baya kuma suka kafa masu zuwa duba iyali bayan an yi rashi. Wannan na ƙarshe sai da Turawa suka shirya shi da takarda da ma'aikata, alhali a garuruwan Hausa zaman makoki da ta'aziyya sun ɗauke shi tun kaka da kakanni. Abin da ya yi ƙaranci a nan shi ne kwalbar magani da wanda ya san awonta.

Masu cewa a ba likita izini ya kashe wanda ya gaji da ciwo sun yi ta jayayya da ita, ba ta kuwa sassauta musu ba har ƙarshen ranta. Hujjarta ita ce mafi yawan masu roƙon mutuwa zafi ne da kaɗaici su ke roƙon a ɗauke musu, in an ɗauke sai roƙon ya faɗi. Ta kuma ce ran da doka ta buɗe wannan ƙofa, tsoho da gajiyayye za su fara jin cewa zamansu nauyi ne a kan iyali, ya kamata su ba da wuri. A shari'a dai maganar a rufe ta ke, rai ba na likita ba ne, ba kuma na mai shi ba ne.

Aikin ya bazu. Laccar da ta yi a Jami'ar Yale ta Amurka cikin 1963 ita ce ta zaburar da shugabar makarantar nas ta can, Florence Wald, har aka buɗe hosfis na farko a Amurka cikin 1974. Wani likitan fiɗa na Kanada, Balfour Mount, ya zo St Christopher ya gani, ya koma ya buɗe sashe irinsa a tsakiyar babban asibiti a Montreal cikin 1975, shi ne kuma ya raɗa wa aikin sunan da likitoci ke kiransa da shi yanzu, daga wata kalmar Latin mai ma'anar mayafi, watau a lulluɓe ciwon da ba a iya cirewa. Cikin 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar kashe zafin ciwon daji hawa uku, daga magani mai sauƙi zuwa mofin, ta baki, bisa agogo. Cikin 1987 Ingila ta amince da wannan reshe a matsayin fannin da likita zai ƙware a kansa.

Wadda ta fi kowa ɗawainiyar kawo shi ga talakawan Afirka wata likita ce, Anne Merriman, haifaffiyar Liverpool cikin 1935, wadda ta yi shekaru tana aiki a asibitocin mishan na kudancin Nijeriya tun cikin shekarun 1960. Bayan ta yi aiki a Singafo da Nairobi, ta kafa hosfis a Kampala ta Yuganda cikin 1993, bisa sharaɗin gwamnati ta yarda a shigo da garin mofin. Dabararta mai sauƙi ce: a auna garin, a narka shi cikin ruwa, a sa abin hana lalacewa da ɗan launi domin a bambanta mai ƙarfi da maras ƙarfi, a ɗura a gorar roba, maras lafiya ya tafi da ita gida yana sha bisa awo. A wurin wanke-wanke na ɗakin girki suka fara haɗa shi da bokiti. Da ya ke likitoci ba su isa ƙauyuka ba, cikin 2004 Yuganda ta yi doka ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi. Likita Merriman ta rasu a Kampala cikin watan Mayu 2025, tana da shekara 90. A Nijeriya kuwa, asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen wannan aiki cikin 2007, bisa ƙoƙarin Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta.

Duk da haka rabon bai yi adalci ba. Wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya ba da rahoto cikin 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba su samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin da a ke rarrabawa, alhali ba magani ne mai tsada ba. Tsoro na cikin abin da ya jawo haka, kuma tsoron yana da dalili, gama kowa ya ga abin da kodin da taramol suka yi wa samari da matan aure a Arewa, har Gwamnatin Tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi cikin 2018. Amma saurayin da ke shan kwalba a bayan kasuwa don ya bugu dabam, tsohuwar da daji ya ci ƙashinta dabam. In an kulle ƙofa saboda na farko ba a bar wa ta biyu hanya ba, an hukunta wadda ba ta yi laifi ba. Iyalin da aka ce su koma gida suna da haƙƙin su tambayi likita, kafin su nemi mota, me za a ba shi na zafi, awa nawa-nawa, wa za a nema in ya ƙare. Sau da yawa rashin wannan tambaya ke sa a sayar da gona a kai wa masu tallan maganin da ba ya warkar da kome.

Ita kuwa Likita Saunders ba ta yi aure ba sai cikin 1980, tana da shekara 61, ta auri wani mai zanen hotuna, Marian Bohusz-Szyszko, shi ma mutumin Polan, wanda zanensa ke rataye a bangayen St Christopher. Ta sauka daga shugabancin likitocin gidan cikin 1985, amma ba ta daina zuwa ba. Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar girma ta Order of Merit cikin 1989, wadda ba a haɗa fiye da mutum 24 masu rai a cikinta. Da mijin ya tsufa ya kwanta, ita ta yi jinyarsa, ya mutu a St Christopher cikin 1995. Daga baya ciwon dajin nono ya kama ta ita ma, ya bazu, aka kwantar da ita a ɗaya daga ɗakunan gidan da ta gina, ma'aikatan da aka horar bisa hanyarta suka yi jinyarta. Ta rasu a can ran 14 ga watan Yuli 2005, tana da shekara 87.